Mai tsohuwar mota, buɗe bonet da hannunka

Ranar Asabar da ta wuce na kai motata juye, wato canjin baƙin mai, a wani gareji. Ina zaune a benci ina jira, sai ga wani bawan Allah ya shigo da Camry ƙirar 2004. Daga gani bai daɗe da sayenta ba, 'yar Kwatano ce mai tsafta, injinta na aiki shiru kamar ba a kunna ba. Abin da ya kawo shi kawai a duba masa ita kafin ya kama hanyar Sakkwato.

Bakaniken ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce: "Alhaji, ai ba a cire mata tamostat ba. Wannan na ƙasar sanyi ne. Bari mu cire shi, mu haɗa fanka dairek, ka huta."

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce: "To Malam, yi abin da ya dace."

Na sa baki na ce a bar motar yadda kamfani ya ƙera ta. Alhajin ya dube ni cikin mutunci ya ce ai su ne suka san aikinsu. Haka ya biya kuɗi aka raunata masa lafiyayyar mota, ya yi godiya, ya ƙara wa yaran gareji na shan ruwa.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma haushina bai tsaya kan bakaniken ba. Shi abin da ya tarar ogansa na yi ne yake yi. Mai motar ne ya fi ba ni takaici, domin ya kashe miliyoyi ya sayi abin da bai san komai a kansa ba, kuma ba ya ganin rashin sanin a matsayin matsala.

Ra'ayina shi ne: duk wanda ke hawa tsohuwar mota a ƙasar nan, wajibi ne ya koyi gano ciwonta da kansa, ya kuma iya ƙananan gyare-gyare da hannunsa. Ban ce ya sauke inji a ƙofar gida ba. Na ce ya san abin da ke ƙarƙashin bonet daidai gwargwado, yadda idan an ce masa "a cire" ko "a canza" zai iya tambaya: saboda me?

Bari mu fara da tamostat ɗin

Na zaɓi wannan misali ne saboda kusan babu garejin da ba a yin wannan aika-aika, daga Kano har Maiduguri.

Tamostat wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwan inji. Idan inji yana da sanyi sai ta rufe, ruwa ya tsaya yana zagaye cikin inji har ya yi ɗumi da wuri. Idan zafi ya kai inda aka tsara, sai ta buɗe ruwa ya wuce lagireto ya huce. A jikinta ma ana buga lambar zafin da take buɗewa, kamar 78 ko 82 ko 88. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ba a sanyi ba.

Idan aka cire ta, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da asuba a lokacin hunturu ko a doguwar hanya. Kwamfutar mota kuma, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana auna zafin ruwa ne ta yanke yawan fetur da za ta watsa. Muddin tana ganin inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara mai. Ga shan mai ya ƙaru, ga fulogi na yin baƙi, ga ɗanyen fetur na gangarawa yana tsinka baƙin mai, ringi da fiston na cin juna a hankali. Fankar da aka haɗa dairek kuma ba ta hutawa daga kunna mota har kashewa, don haka ba ta daɗewa take ƙonewa. A wasu injinan ma cire tamostat na barin wata gajeriyar hanya a buɗe, ruwa ya riƙa zagaye bai bi ta lagireto yadda ya kamata ba, motar da aka ce an yi wa maganin zafi ta koma ɗaukar zafi.

Batun "na ƙasar sanyi" kuwa, duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya ga Camry da Corolla birjik suna aikin tasi a Makka da Madina, inda zafi ke wuce digiri 45 a lokacin bazara. Da tamostat ɗinsu kamfani ya sayar da su can.

Mota idan tana ɗaukar zafi, akwai dalili. Ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko wata roba na yoyo, ko famfon ruwa ya gaji, ko rilen fanka ya mutu, ko gasket ya ƙone. Ko kuma ita tamostat ɗin ce ta maƙale a rufe, wanda maganinsa a sa sabuwa. Gwajinta ma a kicin ake yi: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a ɗora a wuta, in ta buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarta ƙalau.

Wannan bayanin bai fi ƙarfin kowa ba. Da Alhajin nan ya san shi, da motarsa ta tsira.

"Ni ba bakanike ba ne"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni. Wani lokaci ana nufin rashin sani, amma sau da yawa abin da ke ƙarƙashinta girma ne. Mutum ya ga kamar zubar da mutunci ne a gan shi da sufana a hannu, baƙin mai a yatsu, maƙwabta na wucewa.

Ban san inda muka samo wannan ba. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana gyara takalminsa kuma yana ɗinke tufarsa da hannunsa. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi ƙarfin ɗaure kan batir?

Iyayenmu ma ba haka suke ba. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da 504 ya san yadda safiyar Asabar take. Malamin makaranta ko ma'aikacin sakatariya zai ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai ya goge ya mayar ya sake dubawa, ya duba ruwa, ya danna fanbel da yatsa, ya kwance fulogi ya goge, ya saita silo a kafireto da sukudireba. A but ɗinsa akwai fanbel na ajiya da galan na ruwa. Ba wanda ya raina shi don haka. Waɗannan motoci sun yi shekara ashirin, talatin suna hidima.

Yau kuwa za ka ga mutum ya shekara biyar da mota bai san inda ake jan bonet ba.

Kuma lissafin ya canza. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Bayan cire tallafi ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Kusan duk kayan gyara daga waje suke zuwa. Wanda a da zai ce "in ta dame ni in sayar in sauya" yanzu ya san motar da ke hannunsa ita ce zai ci gaba da lallaɓawa. Idan haka ne, jahiltarta tsada ce da talaka ba zai iya ɗauka ba.

Me ake so mutum ya iya?

Ba abu mai yawa ba ne, kuma mafi yawansa kallo ne da sauraro.

A ɗauki motar da ta ƙi tashi da safe. Kafin a kira kowa, a murɗa makulli a saurara. Idan ba ta ce komai ba, ko ta yi "ƙas-ƙas-ƙas" fitilun gaban direba na dusashewa, matsalar wuta ce: batir ya yi sanyi ko kan batir ya saki ko ya yi farin gari. Sau da yawa sufana mai lamba 10 da ɗan goge-goge sun gama aikin. Idan kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ba shi da laifi, sai a koma wajen mai ko tartsatsin fulogi. A buɗe makulli ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen tanki: a yawancin motoci famfon mai na yin ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In babu wannan sauti, a duba fiyus da rile kafin a yarda a sauke tanki. Murfin akwatin fiyus na ɗauke da zanen da ke nuna wanne ne na me.

Na sha ganin an sayi sabon batir alhali altaneta ce ba ta caji. Ƙaramar mitar awon wuta, irin ta masu gyaran rediyo, tana raba wannan gardama cikin minti ɗaya. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna kusan 12.6. Idan an tayar da inji ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, altaneta ko bel ɗinta ne, ko ka sa sabon batir kwana kaɗan zai yi ya mutu. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, ta zamanin kafireto ce. A motar da ke da kwamfuta tana iya ƙona birenbos. Mai mota ya kamata ya san haka ya hana tun kafin mai wayarin ya kai hannu.

Hayaƙin salansa ma magana yake yi. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke cika ko'ina, abin dubawa na farko shi ne matatar iska, wadda yaro ma zai iya buɗewa ya canza. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. In ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma kalar shayi mai madara, kashe motar, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya.

Sai baƙin mai. A garejinmu kusan kowace mota 20W-50 ake ɗura mata, wai shi ne mai kauri, shi ne na ƙasar zafi. Ga 504 ko tsohuwar Golf ba laifi. Amma Corolla ko Accord na shekarun 2000 an ƙera su ne da ƙananan hanyoyin mai, kuma kamfani ya rubuta irin man da suke so, galibi 5W-30 ko 5W-20, a kan murfin da ake zuba man ko a littafin mota. Karanta murfi ba ya buƙatar digiri.

Taya kuma, wadda ita ce ke kashe mutane a hanya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2016. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe, ta hau kwaltar Kano zuwa Zariya da rana tsaka a watan Afrilu ta fashe. Yawan iskar da ta dace kuma yana manne a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35. Mai faci zai buga maka 45 ko 50 in ba ka yi magana ba, domin a ganinsa taya mai tauri ita ce mai kyau. Tayar da ta cika iska tana cinyewa ta tsakiya, ba ta kama ƙasa sosai, tana kuma kashe shokazoba.

Wani abu da tsadar mai ta jawo: yawancinmu yanzu a jan layi muke yawo, lita biyar yau, lita uku gobe. Famfon mai yana cikin tanki ne, fetur ɗin da ya lulluɓe shi ke sanyaya shi. Tanki kullum a ƙasa na gajarta masa kwana. Na san ba kowa ke da halin cikawa ba, amma gara mutum ya san abin da yake saye da wannan tsimin.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike na ganin motarka na awa ɗaya, kai kuma kullum kana cikinta. Kai ne za ka iya cewa ƙarar nan sai an taka birki take fitowa, ko sai an karya kwana hagu, ko sai inji ya yi zafi. Wannan bayanin rabin gyara ne. Wanda ya je gareji ya ce "tana wani iri-iri" shi ya buɗe ƙofar "bari mu canza wannan mu gani."

"Ai motocin yanzu duk kwamfuta ce"

Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, amma in an duba, kwamfutar taimakon mai mota take yi.

Tun daga 1996 doka ta tilasta duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD2. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ma'ana, mafi yawan motocin da muke kira tsofaffi a yau suna da ita. Akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa a wannan kafa ta haɗu da wayar hannu, kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Da ita mota za ta faɗa maka inda take jin ciwo. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0128 na nufin inji ba ya kai zafin da ya kamata, wato ƙorafin da motar da aka cire wa tamostat kan yi.

Sai dai a kula, lambar tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. P0301 na iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul. Dabara mai sauƙi ita ce a sauya koyil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu. In lambar ta koma P0302, koyil ne, shi kaɗai za a saya. In ba ta motsa ba, a duba fulogi. Wannan gwajin kyauta ne, kuma ya fi a sayi koyil huɗu da fulogi huɗu a wanke nozul a kan zato.

Fitilar nan mai hoton inji da ke kamawa a gaban direba, mutane da yawa sun ɗauke ta ado. Wasu dillalai ma cire ƙwanta suke yi ko su liƙe ta kafin su sayar da mota. Gane hakan ba wuya: buɗe makulli kada ka tayar, dole ta kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Idan kuma kana tafiya ka ga tana ƙyaftawa ba tsayawa, inji na zubar da ɗanyen mai cikin salansa ne, ka rage gudu ka nemi wuri ka tsaya.

"Kana so ka toshe wa kanikawa hanyar abinci"

Wani abokina ne ya faɗa mini haka, kuma na ɗauki maganar da muhimmanci, domin kanikanci sana'a ce da ke riƙe da dubban gidaje. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ka ga yawan mutanen da ke ci daga jikin tsohuwar mota. A cikinsu akwai gwanaye na gaske, masu jin ƙarar inji su faɗa maka ciwonsa, masu farfaɗo da akwalar da a wata ƙasa tuni an kai ta wajen 'yan gwangwan. Ina girmama su.

Amma bakaniken kirki ba ya asara don mai mota ya waye. Shi ne ma ke cin riba, saboda mai motar da ya san bambancin aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka shi ne zai dawo, ya kawo 'yan'uwansa, ya biya ba tare da ƙorafi ba. Shi ne kuma zai yarda a sayi kaya mai kyau maimakon ya dage sai mai araha, daga baya ya ɗora wa bakanike laifi. Wanda zai rasa shi ne mai cin abinci daga duhun kan jama'a.

Misali, abin nan da ke cikin salansa wanda ake kira indomi. Aikinsa tace hayaƙi, kuma a cikinsa akwai ma'adinai masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da kasuwa. Mutane nawa aka ce wa "indominka ya toshe, shi ke hana mota gudu," aka fasa aka kwashe, aka bar su da fanko da ƙarin shan mai da hayaƙi mai yaji? Yakan toshe da gaske, ban musa ba. Amma wanda ya san darajarsa zai nemi a nuna masa hujja, in kuma ya zama dole a cire zai ce a ba shi abinsa.

Haka batun tsohon kaya. Duk abin da aka ce an canza, ka nemi tsohon a sa maka a but. Wannan ba zargi ba ne, tsari ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

"Ɗan koyo ya fi kowa ɓarna"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Akwai mutumin da zai kalli bidiyo na minti goma a YouTube ya ɗauka ya zama injiniya, ya kwance abin da ba zai iya mayarwa ba. Akwai kuma ayyukan da kuskure a cikinsu rai ne.

Birki na cikin irin waɗannan ayyuka. Duba yawan man birki da kaurin takalmin birki aikin mai mota ne, amma buɗe layin mai da fitar da iska ba wurin koyo ba ne, kuma maganar ɗura ruwan sabulu a madadin man birki ganganci ne da ran mutane. Sitiyari da ƙafafun mota haka. Cikin giya mai canza kanta haka. Jakar iskar da ke sitiyari tana da abin fashewa a ciki, ba a wasa da wayoyinta.

Taimin bel kuma, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fiston da bawul, aikin gwani ne, amma sanin lokacin canza shi aikin mai mota ne. Fijo 406 da Accord ta 1998 zuwa 2002 bel suke amfani da shi, kuma in ya tsinke ana tafiya fiston na dukan bawul, gyaran da ba ya kaɗan. Corolla ta 2003 zuwa sama sarƙa gare ta. Wanda ya sayi 'yar gwanjo mai bel bai san yaushe aka canza shi ba, ya canza kawai.

Sai iskar gas ta CNG da mutane ke komawa saboda tsadar fetur. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma an gano tukunyar da ke cikinta haɗin mai walda ce. Wannan ba ya cikin abin da nake kira gyara da kanka ko kaɗan.

Ko a ƙananan ayyukan akwai ƙa'idojin da ba a sassautawa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madogara ba ne, yana rugujewa ba sanarwa. Ba a buɗe murfin lagireto inji da zafi, domin ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana buɗewa zai yi tsiri ya sale fuska. In za a cire batir, a fara da kan da ke da alamar ragi, a mayar da shi a ƙarshe. Ba a barin inji na aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa ba wari. Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya.

Amma lura, duk waɗannan ƙa'idoji ilimi ne su ma. Wanda bai san komai ba shi ne ke buɗe lagireto a gefen hanya ya ƙone. Haɗarin ɗan koyo ba ya nuna a daina koyo, yana nuna a koya da kyau a kuma san iyaka.

Lokaci da kayan aiki

Minti goma ne a mako: mai, ruwa, man birki, iskar taya, fitilu, sai a leƙa ƙasa a ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Kayan aikin kuma sufana daga lamba 8 zuwa 19, sukudireba biyu, filaya, mitar wuta, ma'aunin iska, fiyus na ajiya, tocila, da jak da sufanar taya waɗanda aka gwada aka tabbatar suna aiki. Sai ƙaramin littafi a aljihun mota, a rubuta ranar juye da kilomita da duk abin da aka canza.

Wannan magana ta haɗa da mata. 'Yan'uwanmu mata da yawa yanzu suna tuƙa kansu zuwa aiki da kai yara makaranta, kuma su aka fi yi wa kallon waɗanda ba su san komai ba a gareji. Maigidan da ya saya wa iyalinsa mota ya kamata ya tsaya tare da ita a buɗe bonet, a nuna mata sandar mai, da abin da jar fitilar mai ke nufi, wato a kashe inji nan take, da yadda allurar zafi take in lafiya. In shi ma bai sani ba, su koya tare.

Makarantun koyon tuƙi kuma suna da laifi a nan. Ana yaye mutum ya iya ribas da fakin, amma bai taɓa canza taya ba, bai san ma'anar ko ɗaya daga fitilun da ke gabansa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ke tantance waɗannan makarantu. Tana iya sa sharaɗi cewa ba za a ba ɗalibi takardar kammalawa ba sai ya canza taya a gaban malami, ya auna mai da ruwa, ya karanta shekarar taya, ya kuma faɗi abin da zai yi idan allurar zafi ta hau ja yana tsakiyar hanya. Darasin kwana biyu ne, kuma kowace makaranta tana da tsohuwar motar da za a koyar da shi a kanta.